Cokalin Takalmin Opa Khoe

Ɗakuna goma sha huɗu ne a hannuna a hawa na takwas, cokulan takalmi kuwa goma sha uku. Da wannan damuwar na tashi ranar da jirginmu ya shigo Semarang, tashar da ta fi kowacce kusa da garinmu.

Wanda bai taɓa gyaran ɗaki a jirgin 'yan shaƙatawa ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a nan. To, a bayan ƙofar kabad ɗin kowane ɗaki akwai ƙugiya biyu. Ɗaya ta buroshin kaya ce, ɗayar kuma ta dogon cokalin takalmi na katako, irin wanda mutum zai zura dunduniyarsa da shi yana tsaye, ba sai ya sunkuya ba. Yawancin baƙi har su sauka ba su san da su ba. Waɗanda suka sani kuwa, rabinsu cusa cokalin suke yi a akwati su kai gida tsaraba, sai ka ce ubansu ne ya sassaƙa. Nawa na 8102 ba sace shi aka yi ba. Wasu tagwaye ne suka yi wasan takobi da shi a baranda har ya faɗa teku, uwarsu tana tsaye tana ɗaukarsu hoto. Na je sito neman wani, aka ce sun ƙare, sai mun koma Singapore.

Dokar jirgi ce duk tashar da aka tsaya sai an bar wasu ma'aikata a ciki saboda tsaro. Madam Perpetua, shugabarmu ta masu gyaran ɗaki, ba ta yin ƙuri'a. Da safe take zagayawa, duk wanda ta samu aibu a ɗakunansa, ko da gashi ɗaya ne a bakin buroshi, to shi ne mai gadin jirgi ranar, katin saukarsa kuma ya wuni a aljihunta.

Ni kuwa wata bakwai rabona da Kinanti, 'yata. Shekararta tara. Muna magana a waya, ina ganin fuskarta idan sabis ya yarda, amma waya ba ta kawo ƙanshin kan yaro. Tun ranar da na tafi ta rantse ba mai taɓa gashinta da almakashi sai na dawo, har mahaifiyata tana ƙorafin ya kai mata ƙugu, taje shi kullum sai an yi kuka. Na sayo mata mataji da ribom a Penang, da cakulan, na ƙulle su a leda na ɓoye ƙarƙashin tawul a keken aikina, don in an sallame ni kada in ɓata ko minti ɗaya wajen sauka ɗakin kwananmu. Tun asuba ita da mahaifiyata suka taso daga garinmu Purwodadi a bas. Wuni ɗaya jirgi zai tsaya, kuma ba zai sake zuwa Semarang ba sai bayan kwantiragina ya ƙare, wata uku nan gaba.

Duk da haka ban tsorata sosai ba, don muna da dabararmu, wadda muke kira ɗan aike. Kullum Madam daga ɗakin ƙarshe take farawa ta nufo gaba. Da ta gama ɗaki ta fita, sai wani abokin aiki ya zare cokalin ciki, ya bi ta matattakalar ma'aikata a guje ya rataye shi a ɗakin da ba shi da. Akwai cokalin da ya taɓa cin jarrabawa sau biyar a safiya ɗaya. Ɗakin da ba ni da shi shi ne na farko a layi, wato na ƙarshe a zagayenta, ina da lokaci har da na shan shayi.

Ƙarfe takwas da minti goma sai ga Gede, ɗan Bali mai ɗakunan da ke ɗaya ɓangaren, ya fito daga ƙofar ma'aikata yana haki.

"Mbak Las, yau ta gaba za ta fara." Haka yake kirana, wato Yaya Lasmini.

"Wa ya ce?"

"Idona ya ce. Ga ta can gaban lifta tana yanka abokin aikinmu Rodel, da ta gama da shi kanki za ta sauka."

"Ara min ɗaya, don girman allolinka duka."

"Ni? Biyu nake nema, Mbak. Kin zo wajen mai tsirara aron zane."

"Amfaninka ke nan, kawo mugun labari."

"To in koma in ce mata ta jira ki gama zagina?"

Ɗauko na wani ɗakin ba zai yi ba, don in ta soma layi ina biye da ita ne, Gede kuma yana fama da nasa. Na dubi lungun daga farko har ƙarshe, ƙofofi duk iri ɗaya. Sai idona ya sauka a kan 8114, inda jan katin nan na kada a dame ni yake rataye. Madam ba ta shiga ɗakin da aka rataya wa kati. Cokalin ciki ba wanda zai nema a zagayen yau.

Ɗakin Opa Khoe ne, Opa wato kaka. Kwanansa tara a jirgin, shi kaɗai, tsoho ɗan kusan tamanin, dogo, bayansa a sandare kamar ya haɗiye muciya. An yi masa aiki a ƙugu da ƙashin baya, ba ya iya sunkuyawa ko tsinke ya ɗauka. Daga Holland ya zo, amma ranar farko da ya ga sunana a ƙirjin rigata sai ya yi min Jawanci, harshenmu, irin na kakanni, wanda ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata. A Semarang aka haife shi. Yana da shekara goma sha tara ya hau jirgi a wannan tashar da silifas ɗin roba a ƙafa, yayarsa Giok da ta rako shi ta ce, "Ƙasar Turawa za ka da wannan? Kada ka dawo min sai da takalmin fata." Bai dawo ba sai yau, shekara sittin. Giok tana nan a gidan tsofaffi, ƙarfe goma sha ɗaya ake rufe ganin baƙi, mota za ta ɗauke shi tara da rabi. Takalmin ma ya nuna min, baƙi, sabo fil, yana ƙyalli. A duk baƙin da na taɓa yi, shi ne mutum na farko da ya yi min godiya saboda cokalin takalmi. Har 'yar jar igiya ya ɗaura masa a mariƙi yana zurawa a wuyan hannu, don in ya suɓuce ya faɗi ƙasa ba shi da yadda zai ɗauko.

Duk wannan na sani. Ba zan ce ban sani ba.

Kwat ɗinsa da aka goge yana rataye a kekena, dama ni zan kai masa. Na ƙwanƙwasa, na buɗe da katin ƙofa. Ruwa na zuba a banɗaki.

"Opa, kwat ɗinka ne."

"Rataye shi, Nduk, 'yata, na gode. Yau ranar taki ce, ko? Ki gaishe min da mai gashi."

"Za ta ji."

Na rataye kwat ɗin, na zare cokalin daga ƙugiya, na zura shi cikin hannun rigata. Na ce a raina minti goma ne. Tsohon nan awa guda yake yi kafin ya kai ga takalmi, kafin ya ɗaura agogo Gede ya mayar masa. Na rataye shi a 8102, ina rufe kabad ɗin na ji takun Madam.

Madam Perpetua 'yar Filifin ce, gajeriya, da ƙaramin gicciye a wuya da farar safar hannu. Shekara goma sha ɗaya tana gyaran ɗaki kafin ta hau wannan kujerar, don haka ba a yi mata burtu. Ranar na ga ta riƙo kwandon wanki wanda babu komai a ciki, ban kawo komai a raina ba.

"Lasmini. An shirya ganin gida?"

"In Allah ya yarda, Madam."

"Allah ya yarda, saura ni."

Ta shafa saman talabijin, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ɗaga kofuna tana duba su a hasken taga. Ta buɗe kabad, ta ɗauki buroshi ta bi bakinsa da yatsa. Sannan ta ciro cokalin. Ta juya shi, ta kama 'yar jar igiyar nan da yatsu biyu. Wallahi na manta da ita sam.

"Wannan fa?"

"Baƙi ne suka ɗaura, Madam. Yaran nan."

"Yara."

"E, Madam."

Ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci. Sai ta jefa cokalin cikin kwandon.

"Yau duk cokalin da na gani zai bi ni yawo har in gama hawan nan. Na gaji da haɗuwa da cokali ɗaya a ɗaki biyar. Har gaisawa muka fara yi."

Hawan gaba ɗaya ɗaki sittin ne, ba za ta gama ba sai wajen sha ɗaya. Na hango Gede a ƙarshen lungu ya leƙo, ya ga kwandon, ya dafe kai ya koma. Ashe rana dubu ta ɓarawo da ake faɗa yau ce ɗayar ta mai kaya.

Muka shiga 8104. Muka shiga 8106. Madam ba ta sauri, kamar ma da gayya take jan ƙafa. Kowane ɗaki sai ta jefa cokali a kwando ya yi ƙwas a kan 'yan'uwansa, jar igiyar tana leƙowa ta gefe. Na yi ta saƙa da warwara. In ce zan shiga banɗaki? Kwandon yana hannunta. In sa Gede ya kai wa tsohon wani? Nasa ma jiran kwandon suke, kuma wa zai yarda ya ba da katinsa saboda ni. Sai na shiga lallashin kaina. Ai yana da takalmin yawo mai laushi wanda yake zurawa ba wahala. Ai yayar tasa ta tsufa, wa ya san ma ko tana tuna maganar. Ai in abin ya gagara zai ɗaga waya ya kira. Amma na san ba zai kira ba. Mutumin da ya taɓa yin minti ashirin yana farautar maɓallin rigarsa a ƙasa da bakin lema don kada ya ce in ɗauko masa, shi ne zai kira?

Wayata ta yi motsi a aljihu. Na san mahaifiyata ce, sun iso bakin get. Ban taɓa ta ba.

Tara saura minti goma muka shiga 8112, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Opa. Bangon jirgi ba kauri gare shi ba. Madam tana duba labule, ni kuwa kunnena yana can. Na ji an buɗe kabad. Na ji ana tura maratayan kaya gefe, ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe. Aka ja aljihun tebur, aka mayar, aka ja na biyu. Sai aka sake buɗe kabad ɗin, aka sake tura maratayan tun daga farko, a hankali, kamar mai ƙirga.

"Zafi kike ji?" in ji Madam.

"A'a, Madam."

"To gumin na mene ne? Kada ki ɗiga min a zanen gado."

Muka fito. Muka zo daidai ƙofarsa. Jan katin yana nan. Madam ta tsaya, ta dubi katin, ta dubi takardarta, ta ja layi a kan lambar ɗakin.

"Wannan ya tsira," ta ce. "Kina da sa'a."

Saura ɗaki bakwai. Na lissafa a raina: in ta ci gaba a haka, tara da rabi da 'yan mintoci ta gama da ni, in karɓi ledata in ruga. Na ga kaina ina gangara tsanin jirgi, na ga Kinanti ta ƙwace daga hannun kakarta. Na taka na wuce ƙofar. Har yau in na tuna wannan takun sai na ji kunyar kaina.

A 8116 shiru ne da farko, kuma shirun ya fi motsin tayar min da hankali. Madam ta shiga banɗaki tana duba madubi. Sai na ji wani ƙarfe yana ƙeƙas-ƙeƙas, ɗan ƙarami. Na ji nishi, irin na mai ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Aka yi shiru. Aka sake nishin, ya fi na farko tsawo. Sai tim, har hoton da ke jikin bango ya girgiza, wani abu na tangaram ya tarwatse.

Madam ta fito daga banɗaki da safar hannu ɗaya a cire. Ba ta dubi bangon ba, ni ta duba.

Muka saurara. Ba tari, ba kira, ba komai.

"Madam," na ce, "mai igiyar nan nasa ne. Ni na ɗauke. Ba ya iya sa takalmi in babu shi."

"Na sani. Ni na ba shi igiyar, daga ofishina ya roƙa." Ta zaro cokalin ta danƙa min, ta buɗe tafin hannunta. "Katin saukarki."

Na ciro shi daga wuyana na ajiye mata. Ba ta ko duba shi ba, ta riga ni isa ƙofar.

Mun same shi kwance ta gefe tsakanin gado da kabad. Ya riga ya sa kwat ɗin, har da laktaya. Kofin shayi ya fashe kusa da kansa. Ƙafarsa ta dama rabinta na cikin takalmin, bayan takalmin ya lanƙwashe ciki, ƙaramin cokalin shayi kuma ya maƙale a wurin, ya tanƙware. Da shi ya yi ƙoƙari. Idonsa a buɗe, yana kallon ƙafar gado.

Madam ta durƙusa tana tambayarsa sunansa da inda yake, ta kai hannu ga oba-obarta za ta kira likita.

"Kada ki kira," ya ce. "In ya zo zai kwantar da ni sai jirgi ya tashi. Ba abin da ya karye, na san yadda karaya take. Ku dai tashe ni."

Muka kama shi ta hammata, mu biyu, muka miƙar. Nauyi gare shi fiye da yadda ido yake gani. Ya dafa kabad, ya ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan, ya taka. Madam ta ce za ta turo nas ta same shi a bakin tsani, in ya ƙi yarda a duba shi ba inda za shi. Ta fita da kwandonta.

Na durƙusa zan gyara masa takalmin da hannuna. Ya janye ƙafar.

"Kada ki taɓa min ƙafa. Shekara shida da aikin nan, ba wanda ya taɓa sa min takalmi."

Sai a lokacin ya ga abin da ke hannuna. Ya daɗe yana kallon jar igiyar.

"A ina kika samo shi?"

Da na ce a ƙarƙashin gado, da ya yarda. Ƙarya ɗaya na riga na yi da safen nan, ta biyu ba za ta yi wuya ba. Amma bakina ya ƙi.

"Ni na ɗauka, Opa. Lokacin da na kawo kwat. Nawa ɗaya ya ɓata, ga Madam tana zagaye. Na ce minti goma in dawo da shi."

Bai yi min tsawa ba, da ma ya yi. Ya karɓi cokalin, ya zura igiyar a wuyan hannunsa. Ya ɗaga bayan takalmin da bakinsa, ya jingina shi a ciki, dunduniyarsa ta shige sumul. Ya yi wa na hagun haka. Duka bai kai minti ɗaya ba.

"Matata da haka ta fara," ya ce, yana kallon takalman. "Ta ajiye abu a inda take ajiye shi kullum, ta zo ba ta gan shi ba. Shekara uku bayan nan ba ta san sunana ba. Sau huɗu na buɗe kabad ɗin nan, Lasmini. Na ce shi ke nan, tawa ta zo, kuma a ranar da zan ga Giok."

Tunda ya shigo jirgin bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai a jirgi ko ƙasar ma babu. Na ce ya yafe min.

Ya juya ya dubi madubi. Kwat ɗin nan baƙi duk gefensa ɗaya ya kwashe zaren kafet, daga kafaɗa har ƙugu, har da ɓurɓushin biskit. Ya kai hannu ƙugiya ya ciro buroshin, ya gwada kai shi kafaɗa, hannun bai kai ba. Ya tsaya haka. Sannan ya miƙo min shi ta baya, ba tare da ya waiwayo ba.

Na share shi kamar yadda aka koya mana, daga sama zuwa ƙasa, gajeren ja, ana bin kwanciyar yadi. Kafaɗa, baya, hannu, gefen aljihu. Ban bar zare ko ɗaya ba. Na zagayo na yi masa gaban. Agogon bango ya nuna tara da minti goma sha takwas.

"Ƙarfe nawa za ki sauka?"

"Ba zan sauka ba. Madam ta karɓi katin."

"Ya yi daidai," ya ce.

Ya ɗauki sandarsa ya fita, na bi shi da tsintsiya a hannu kamar sakarya. A bakin ƙofa ya tsaya jikin kekena.

"Ina kayan yarinyar?"

Na ɗaga tawul na ciro ledar. Ya karɓa ya rataya a yatsa.

"Wane irin kaya suka sa?"

"Ibu, mahaifiyata, ta ce koren ɗankwali za ta ɗaura. Yarinyar kuwa ba za ka ɓata ta ba, gashin ya isa."

Ya tafi, takalman suna ƙiƙ-ƙiƙ na sabunta har ya shige lifta.

Na kira mahaifiyata daga ɗakin ajiye tawul. Na gaya mata gaskiya, ta ce, "Kin kyauta, kuma ba ki kyauta ba." Na ce ta ba ni Kinanti. Na ji tana lallashinta, na ji hayaniyar motoci da masu tallan ruwa. Yarinyar ta ƙi karɓa. Abin da kawai na jiyo daga nesa shi ne, "Ki ce mata na gaji da waya."

Ranar na yi aikin mutum uku, don duk wanda ya sauka ɗakunansa kan masu gadi suke faɗawa. Gede ma bai tsira ba, cokulansa biyu suka kashe shi. Da rana muka haɗu a kantin ma'aikata, ba kowa sai mu bakwai, kowa ya zuba wa shinkafarsa ido.

"Mbak, ni ko ba komai nawa baƙi suka kwashe," ya ce. "Ke kuwa kin ci jarrabawa kin mayar wa malama da sakamako."

"Ci abincinka."

"Na yi shiru." Ya turo min soyayyen ƙwansa a faranti. Ban iya ci ba.

Da azahar na hau can saman jirgi wajen da ake tara kujerun rana. Ana hango get ɗin, amma mutane ba su fi tururuwa ba. Na ga kore a wurare uku. Na ɗaga hannu ga dukkansu.

Ƙarfe huɗu da rabi baƙi suka soma dawowa da ledoji da jajayen fuskoki. Ina 8110 ina canza tawul na ji ƙiƙ-ƙiƙ ɗin nan a lungu, a hankali fiye da na safe. Na jira ya shiga, sannan na ƙwanƙwasa. Yana tsaye gaban madubi, bai cire komai ba tukuna. Takalman sun yi ƙura.

"Ka same ta, Opa?"

"Na same ta. Ba ta gani, shekara huɗu ke nan, ba wanda ya gaya min." Ya ɗan yi murmushi ta gefen baki. "Sai da ta sa aka ɗora mata ƙafata a cinya ta shafa. Ta ce fatar mai kyau ce, amma sun matse ni, wai har yanzu ban iya sayen kaya ba."

Na yi dariya, hawaye suka biyo ta. Na kasa tambayarsa batun Kinanti.

Ya nuna tebur da sanda. Ƙunshin ganyen ayaba ne, na san ɗaurin mahaifiyata ko a cikin dubu.

"Uwarki ta ce ki ci yau, gobe zai lalace. Yarinyar da farko ta ƙi karɓar ledar. Ta harare ni sama da ƙasa, irin hararar da kike yi wa yaron nan ɗan Bali. Sai ta ce, kai ka ga Ibu, uwata, yau, da idonka? Na ce na gan ta. Ta ce ƙarya nake. Na ce to kin ga kwat ɗin nan, ita ta share min shi da hannunta, ko awa ba a yi ba." Ya dafa ƙirjin kwat ɗin. "Sai ta rungume ni. Ta cusa fuskarta a nan, ta ƙi saki. Direba har ya fara danna hon."

Ya ciro buroshin daga ƙugiya ya miƙo min, wannan karon yana fuskantata.

"Share, Nduk. Ƙurar garinku ta fi ta da yawa."

Na fara daga kafaɗa. Da na zo ƙirji, wajen maɓalli na biyu, na ja buroshin sai na ji ya riƙe wani abu. Na ɗaga shi a hasken taga. Gashi ne guda ɗaya, baƙi wuluk, ya sarƙe a bakin buroshin. Na kama bakinsa na ja a hankali, ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, har ya fi tsawon hannuna daga yatsa zuwa kafaɗa.

"Ba na Giok ba ne," in ji Opa. "Ita kanta fari fat ne."

Na kai shi hanci. Ƙanshin man kwakwa ne, irin wanda mahaifiyata take dafawa da kanta. Na zauna a bakin gadon baƙo, abin da doka ta hana, na naɗe gashin a yatsana zagaye bayan zagaye, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Opa ya juya min baya, ya zura jar igiyar a wuyan hannunsa, ya shiga cire takalmansa da kansa.